Daga Filin Jirgin Abuja Zuwa Cikin Gari: Jan Kunne ga Matafiya

Jama'a, jirgin sama daga Kano zuwa Abuja bai cika yin awa ɗaya a sama ba. Amma wanda ya sauka da safiyar Litinin bai shirya yadda zai shiga gari ba, yana iya ɓata fiye da haka tsakanin ƙofar filin jirgi da ofishin da ya zo dominsa. Dalili kuwa, Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe a bayan gari yake, tsakaninsa da tsakiyar birni kusan kilomita 40. Mutumin Kano ya saba da filin Malam Aminu Kano, wanda gari ya riga ya kewaye: kana fitowa ka sami abin hawa, kafin ku gama gaisawa da direba ga ka a Sabon Gari. Wanda ya zo Abuja da wannan lissafi, tun daga gida ya soma makara.

Sai a fara sanin hanyar tukuna. In ka fito daga filin, titin da aka sa wa sunan Bill Clinton, shugaban Amurka da ya ziyarci Nijeriya a 2000, shi zai kai ka babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa. A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi gari, ta bi ta mararrabar Kuje da Lugbe har Ƙofar Birni, dab da babban filin wasa na ƙasa. Ɗayar ta nufi Giri, inda ta haɗu da hanyar da ta taso daga Lokoja da Gwagwalada zuwa Zuba. Saboda haka mai zuwa Suleja ko Minna ko Kaduna ba shi da abin yi a cikin gari. Sau da yawa baƙo kan biya kuɗin mota har tashar Jabi ko Utako, sannan ya sake shiga wata motar ta fito da shi ta Zuba, alhali tun daga filin jirgi akwai hanyar da ta yanke.

Titin faffaɗa ne, mai kyau, in babu cunkoso minti arba'in ya isa. Amma dubban ma'aikatan Abuja a Lugbe da Kuje da Gwagwalada suke kwana, domin kuɗin hayar gida a Maitama da Wuse ya fi ƙarfin albashi. Da safe duk su ɗunguma zuwa gari, da yamma su ɗungumo gida. To, ka ga wanda ya sauka da jirgin safe cikin ayarinsu zai shiga gari, wanda kuma zai bi jirgin yamma cikin ayarinsu zai fito. Ƙari a kan haka, Abuja fadar gwamnati ce tun 1991, kuma ta wannan titi shugaban ƙasa da manyan baƙinsa suke bi. Ranar da babba zai wuce akan tsayar da motoci, ba kuwa wanda zai aiko maka da sanarwa.

Abin hawa na farko da ido zai gani shi ne motocin haya na filin jirgi, waɗanda ke da rajista da ƙungiya da wurin tsayawa. Sun fi tsada, ba shakka, domin direba yana biyan kuɗin ƙofa da na ƙungiya, ya yi dogon layi kafin a zo kansa, wani lokaci kuma ya dawo babu fasinja. Amfaninsu shi ne an san su. In ka manta jaka a but, akwai inda za ka koma ka tambaya. Sai dai ka tuna tasi a Abuja ba ta aiki da mita, ciniki ake yi da baki, kuma a nan ne yawancin rigima take tsirowa.

Ga yadda abin yakan faru. Baƙo ya fito da jaka a hannu, direba ya tarbe shi da fara'a ya karɓi jakar.

"Malam direba, sannu da aiki. Garki zan je. Nawa ne?"

"Haba Alhaji, shiga mana, ai ba za mu ɓata ba."

Wannan "ba za mu ɓata ba" ita ce mafarin ɓatawa. Da zarar jaka ta shiga but, mota ta hau titi, ciniki ya fita daga hannunka. A ƙofar masauki za a faɗa maka kuɗin, ga mutane suna kallo, ga kunya, sai ka biya kana ƙunƙuni. Abin da ya dace shi ne ka riƙe jakarka, ka ce, "Gaskiya ne, amma faɗa mini dai in ji." Ka ambaci unguwar da sunan titi, domin Garki yanki-yanki ce, Gwarimpa kuwa gari ce guda. Ka tambaya ko kuɗin ƙofa yana ciki. In za ka tsaya a banki ko masallaci a hanya, faɗa tun yanzu. Direban kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma ya fi son ya san abin da zai samu.

Mai babbar waya yana iya kiran mota ta manhaja, irin su Bolt da Uber, ya ga kuɗin tun kafin ya shiga. Sharaɗin kawai, ka duba lambar motar da fuskar direban su yi daidai da abin da waya ta nuna, sannan ka tura wa wani naka bayanin tafiyar. In direba ya ce ka soke kiran ku daidaita a tsakaninku, ka san cewa kana sokewa babu sauran shaidar cewa ka taɓa shiga motarsa.

Yanzu bari mu zo kan jirgin ƙasa, wanda mutane da yawa suke sauka su tashi ba su ma san yana nan ba. Kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya shimfiɗa layin, da rancen da aka karɓo daga can, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a watan Yulin 2018. Ya tsaya a 2020 lokacin annobar korona, ya yi shekara huɗu a ajiye, sai a watan Mayun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi, aka yi wata da watanni ana ɗaukar jama'a kyauta. Tasharsa tana nan jikin filin jirgi. Daga nan yakan bi ta Idu da Kukwaba da tashar filin wasa, ya tsaya a babbar tasha ta tsakiyar birni. Cunkoson Lugbe bai shafe shi ba, wucewar manya ma ba ta tsayar da shi.

Ga mutanen Arewa, tashar Idu ita ce abin lura. A nan layin cikin gari ya haɗu da jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda ya fara aiki a 2016, mai tsayawa a Rigasa. Wato mutum yana iya tasowa daga Kaduna ya iso har bakin jirgin sama bai taka kwalta ba. Sai dai tikitin na Kaduna daban ne, ta intanet ake yankarsa galibi, kuma kujeru kan ƙare da wuri.

Kada kuma a yaudari kowa: wannan jirgi ba ya tashi kowane lokaci, jadawali gare shi, kuma jadawalin yakan canja. Ka bincika tun kana gida, musamman in saukar dare za ka yi. Sannan ba zai kai ka ƙofar masauki ba. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, a-daidaita-sahu ma an taƙaita shi ga wasu unguwanni, don haka daga tasha sai ka nemi tasi. Duk da haka, a ganina, mai jaka ɗaya da ya sauka da rana ba shi da hujjar ƙin gwada shi. Bashin da aka gina shi da shi, da wanda ya hau da wanda bai hau ba duk su za su biya, kuma jirgin da yake yawo babu fasinja shi ake fara mantawa da gyaransa.

Wanda ya zo da harkoki da yawa, yau ma'aikata, gobe kotu, jibi asibiti, gara ya ɗauki shatar mota ta wuni. Akwai kamfanonin haya a filin jirgi da manyan otal-otal da cikin gari, kuma a ƙasar nan yawanci da direba ake bayar da motar. Nan ma maganar ɗaya ce, a yi ta kafin a tayar da inji. Wuni awa nawa ne a wurinsu, kuma in an zarce nawa ne kowace awa? Wa zai sha mai? In aiki ya kai ka Keffi ko Suleja, ka fita daga Birnin Tarayya ke nan, farashi kan canja. In za a kwana, abincin direba da makwancinsa a wuyan wa suke? A rubuta, a ba ka rasit. Kuma direban nan ɗan'uwanka ne, kada ka shiga taro tun hantsi ka bar shi a rana har la'asar ba ka ce ya je ya ci abinci ya yi salla ba.

In kuwa da kanka za ka tuƙa, za a nemi lasisinka da katin shaida da kuɗin ajiya. Kada ka karɓi makulli sai kun zagaya motar tare da ma'aikacinsu. Ka ɗauki hoton duk inda ta goge ko ta lotsa, da gilashi, da ma'aunin mai. Ka buɗe but ka ga safaya da jak da abin kashe gobara. Ka duba takardun motar da inshorarta ko suna da sauran wa'adi, domin in jami'an kiyaye haɗurra suka tsayar da kai, wanda ke riƙe da sitiyari suke tambaya. Ka kuma tambayi inda za a mayar da ita, filin jirgi ko ofishinsu na cikin gari, domin wanda ya yi zaton a filin jirgi zai ajiye, ashe a Wuse ake jiransa, ya ƙara wa kansa tafiya a ranar da ba shi da lokaci.

Akwai masu cewa su fita bakin babban titi su tari motar da ake cikawa, ta fi araha. Gaskiya ta fi araha, mazauna garin ma ita suke shiga. Amma a Abuja akwai ɓarayin da ake kira 'yan wan-cans: mota ce da direba da fasinjojin bogi, saura kujera ɗaya, kana shiga su kulle ƙofa, su ƙwace waya, su tilasta maka kwashe abin da ke asusunka. Baƙo mai jaka, da dare, shi ne abin nemansu. In dole ne, shiga mota a tashar da ake lodi, inda 'yan kamasho suka san direba.

Ranar komawa, ka lissafa daga lokacin da za a rufe karɓar kaya, ba daga lokacin tashin jirgi ba. Mai tafiya cikin gida ya kasance a filin awa biyu kafin tashi, mai fita waje awa uku, sannan ya ƙara awa ɗaya da rabi na hanya in da yamma ne. Ka gaya wa direba ɓangaren da za ka, na cikin gida ko na ƙasashen waje wanda aka buɗe sabon gininsa a Disambar 2018, don kada ya sauke ka inda za ka ja akwati da ƙafa. Lokacin hunturu, hazo kan jinkirta jiragen Kano da Sakkwato da Maiduguri, to, kada ka sallami wanda ya kawo ka daga nesa sai ka tabbatar a teburin kamfanin jirgi cewa jirginka zai tashi.