Darasi: Ƙasar da ta dace da shuka cikin tukunya

A nan Dakoro kowa ya san wahalar ruwa. Rijiya na da zurfi, damina gajera ce. Abin baƙin ciki ne mutum ya ja guga, ya yi ban ruwa sati uku, shuka ta mutu. Sau da yawa ba ƙishirwa ke kashe ta ba. Ƙasar da aka zuba cikin tukunya ce ba ta dace ba.

Za mu koyi wannan darasi da wani ɗan fure da malaman gona ke kira fortulaka. Ɗan'uwan halshen saniya ne, wanda ke fitowa cikin garka. Asalinsa ƙasashen Barazil da Ajantina. Furensa ja ne, ko rawaya, ko fari. Yana buɗewa in rana ta ɗaga, ya rufe da marece. Ganyensa sirara ne masu kauri, cikinsu yake ajiye ruwa. Don haka yana jure rana da fari. Amma in saiwarsa ta zauna cikin ruwa, sai ta ruɓe.

Ƙasar da za ku guje wa

Lakar fadama ko ta bakin tabki, kamar wadda ake samu cikin kwarin Tarka. A gona tana da albarka. Cikin tukunya kuwa tana riƙe ruwa, saiwa ba ta samun iska. In ta bushe sai ta yi tauri kamar tubali.

Ƙasa mai kanwa ko gishiri. Tana ƙone saiwa.

Ɗanyen taki. Yana da zafi, yana kawo tsutsa da irin ciyawa.

Yadda ake haɗi

Ku auna da tiya:
- rairayi mai tsakuwa-tsakuwa, tiya 2;
- ƙasar gindin gawo, tiya 1;
- ruɓaɓɓen takin bisashe, rabin tiya.

Rairayi na barin ruwa ya wuce. Ƙasar gindin gawo na da abinci, domin ganyen gawo na zuba da damina, bisashe kuma na kwanciya inuwarsa da rani. Taki mai kyau shi ne wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu. Ku daka shi, ku tankaɗe. Kada ku ƙara yawansa. In taki ya yi yawa, fortulaka na yin ganye, ba ta yin fure.

Gwaji

Ku yayyafa wa haɗin ruwa kaɗan, ku dunƙula a hannu. In kun taɓa shi da yatsa ya wargaje, ya yi daidai. In ya zauna kamar curin fura, ku ƙara rairayi.

Tukunya

Tsohuwar tukunyar ƙasa ko fasasshen tulu sun fi gwangwani, domin ƙarfe na ɗaukar zafi da bazara. Zurfin santimita 15 ya isa. Ku huda gindinta wuri 3 ko 4. Tukunyar da ba ta da huda kabarin shuka ce. Ku ɗora ta bisa duwatsu saboda gara, a wurin da rana ke bugawa.

Shuka da ban ruwa

Ku yanki reshe tsawon yatsa, ku soka shi cikin ƙasar. Zai kama cikin ƴan kwanaki. In iri za ku shuka, ku barbaɗa shi sama, kada ku binne, ƙanana ne ƙwarai. Bayan shuka ta kama, ku riƙa soka yatsa kafin ban ruwa. In akwai laima, ku bari sai gobe.

Wanda ya iya wannan haɗi ya iya rainon zogale da gawo da mangwaro cikin leda. Su dai sun fi son abinci: rairayi tiya 2, taki tiya 1. Ku fara gwadawa da fure, kafin ku sa irin da kuka saya da kuɗi.

Tambayoyi
1. Don me lakar fadama ba ta dace da tukunya ba?
2. Yaya ake gane takin da ya ruɓe?
3. In za ku sa rairayi tiya 4, taki nawa fortulaka ke bukata?

Ku tattauna amsoshin tare da malaminku.