Darasin Juma'a: Gona a Ƙauye, Shago a Gari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Yawancinmu kasuwanci ne ya kawo mu ƙasar Potiskum, muka zauna a Ngojin lafiya da masu masaukinmu, Ngizimawa da Karekare da Bolawa. Wasu na kara suna dillancin shanu, wasu na kasuwar hatsi, wasu na bin tirela. Darasinmu na yau a kan tambaya ɗaya ne: ɗan kasuwan da ya sami rara, ya ƙara kaya a shago ne, ko ya nemi gona?

Mu fara da abin da muka gani da idonmu. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mutum na da kuɗi a banki amma cefane ya gagare shi. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kwanon gero ya bi shi. Mai zaman gari komai da kuɗi yake yi, haya ne, ruwa ne, itace ne, hatta kuka da kuɓewa. Wanda ke da gero a rumbu shi ma ya ji jiki, amma tukunyarsa ba ta sauka ba.

Amfanin gona na farko ke nan, abinci. Na biyu, ƙasa ba ta ruɓewa, gobarar kasuwa ba ta cin ta. Na uku, mu a nan ko harawa da karmami kuɗi ne, tunda kasuwar shanun Potiskum na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ka noma wake ka ci, ka turke rago da harawar, takinsa ya koma gona. Na huɗu, lada. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa abin da tsuntsu ko dabba ko mutum ya ci daga shukar Musulmi ana rubuta masa shi sadaka.

Sai dai gari ma da ranarsa. Asibiti da makarantar yara da masu sayen kayanmu duk a nan suke. Kuma gona ba ta noma kanta. Wanda ya bar wa 'yan ƙwadago ita bai leƙa ba, kaka za ta ba shi labari. Don haka shawararmu, a riƙe shago, a nemi gonar da za a iya zuwa a dawo a yini ɗaya, ko nan kusa ko wajen Nangere da Fika.

Kafin a biya kuɗi, a kula da abu huɗu:

1. A tabbatar gonar ba ta gado ba ce da ba a raba ba. In akwai haƙƙin maraya ko na mace a ciki, wallahi ba albarka, kuma rigima na nan tafe.
2. A zagaya iyaka da bulama da maƙwabtan gona, kada a shiga burtali.
3. A rubuta ciniki da shaidu, yadda ayar bashi ta Suratul Baƙara ta koyar da mu.
4. A yi takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna bisa amana, ƙaramar hukuma kuwa ita ke ba da shaidar riƙon gona a wajen birni. Baƙo ya fi kowa buƙatar takarda.

In Allah ya kawo amfani, kada a manta zakka. Nisabin hatsi wusƙi 5 ne, wato sa'i 300. Noman damina ana fitar da ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da inji ko jigo ɗaya cikin ashirin. Lokacin girbi ake fitarwa, ba a jiran shekara.

Wanda ƙarfinsa bai kai saye ba, ya fara da aro ko haya, ya gwada damina ɗaya. Mai son ƙarin bayani ya samu Liman bayan sallar La'asar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren masallaci