Hattara da Kwarkwatar Kifi

Jama'a, tun a shekarun 1950 aka shigo da kifin kap ƙasar nan daga Turai, aka zuba shi a gonar kifi ta Panyam da ke Filato. Kifi ne mai juriya, yana cin abin da ya samu a laka. Wannan juriyar ce ke yaudarar masu kiwonsa, suna barinsa da ciwo har sai sun ga gawa ta taso saman ruwa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun malaman kiwon kifi shi ne kwarkwatar kifi, wadda masana ke kira Argulus. 'Yar ƙwaro ce shimfiɗaɗɗiya, ba ta kai ƙwayar wake ba. Tana manne wa fata, ta huda, ta sha jini, in ta ga dama ta saki ta yi iyo zuwa wani kifin. Ku duba saniya da kaska. Saniya tana da wutsiyar kaɗawa, tana goga jiki da itace, carki ya sauka a gadon bayanta ya yi mata tsince, da yamma kuma makiyayi ya shafa hantsarta ya cire wadda ta ɓuya. Kifi fa? Ba makiyayi mai shafawa, ba bakin kuka. Sai dai ya riƙa gogar bango yana tsalle, ya daina cin abinci, raunin ya zama ƙofar wasu cututtuka. Na kogi yakan ɗauki ɗaya ko biyu ya rayu, don ruwa da faɗi. Na kududdufi a cunkushe yake.

Macen kwarkwatar tana barin kifi ta jera ƙwanta a kan dutse ko itace. To, a jefa allunan katako cikin ruwa, duk mako a fito da su a shanya a rana don ƙwan da ke kansu su mutu. Bayan an kwashe kifi a busar da kududdufi har ƙasa ta tsage. Sabon kifi a ware shi tukuna, a sa raga a bakin ruwan da ke shigowa daga rafi, kuma a daina aron koma daga maƙwabci ba tare da an shanya ta ba.

Akwai kuma tsutsa mai kafa kai cikin tsoka tana reto kamar zare, da ciwon fararen ɗigo-ɗigo, da matsattsaku. Duk ta waɗannan ƙofofin suke shigowa.

Masu tsiyaya maganin feshin gona a ruwa wai don kashe ƙwari, ku ji tsoron Allah! Kifin nan mutane za su ci. Dabbar da ka tsare amana ce a wuyanka, kowa ya san hadisin matar da ta kulle kyanwa. Da zarar kun ga kifi na gogar bango, ku kama ɗaya ku duba jikinsa, ku kira malamin gona ko likitan dabbobi a ranar.