Kwana Ukun Farko Bayan Barin Sigari

Ina ND I na fara shan sigari, wai don karatun dare. Sau biyu ina bari ina komawa: ciwon kai, faɗa ba dalili, barci ya ƙaurace. Da na ga likita nan cikin Katsina, ya ce ba ragwanta ba ce. Nikotin na raguwa da rabi a jini cikin kamar awa 2, sai jiki ya fara nema. Wahalar ta fi tsanani a kwana na 2 da na 3, tana lafawa cikin mako 2 zuwa 4.

Ya rubuta mini cingam mai nikotin: a ɗan tauna, a ajiye a kumatu, ana rage yawansa sannu a hankali. Ya kuma hana ni farawa a makon jarrabawa. 'Yan shisha, wallahi har da ku.