Darasin Wata: Majajjawa da Injin Niƙa, Dokarsu Guda Ce



Darasinmu na wannan wata ya shafi duk abin da ke juyawa: ƙafar amalanke, puli, bel, dutsin washi da injin niƙa. Kada ku ce wannan zancen ƴan lakkol ne. Wanda ya taɓa tsaron hatsi lokacin da jan baki ke sauka gona ya riga ya san rabin darasin, don ya riƙe majajjawa.

Ku tuna yadda yaro ke yi. Yana sa dutsi cikin majajjawa, yana juyawa bisa kansa. Muddin yana riƙe da igiyoyin biyu, dutsin yana kewaya. Da ya saki guda, dutsin ba ya ci gaba da kewayawa, sai ya miƙe sak inda ya fuskanta lokacin da anka sake shi. Wannan ya nuna muna cewa duk abin da ke tafiya, miƙewa yake so. Ba ya lanƙwasa hanya sai da abin da ke jawo shi wajen tsakiya. Ga majajjawa, igiya ce ke wannan aiki, shi ya sa yaron ke jin nauyi ga hannunsa. Wani masani na ƙasar Ingila, Isaac Newton, ya rubuta wannan doka cikin littafinsa na shekarar 1687. Da Faransanci ana ce ma wannan ja force centripète. Mu nan za mu ce mashi jan tsakiya.

Kafin mu ci gaba, sai mun iya awo. Ku auna faɗin ƙafar amalanke daga baki zuwa baki, ta tsakiya. Ku riɓa shi sau 3,14, ku samu kewayenta. Ƙafa mai faɗin santimetir 60 tana da kewayen santimetir 188. Ke nan juyi guda, amalanke ya ci metir 1 da santimetir 88. Juyi 100, metir 188. Wanda ba shi da igiyar awo yana iya ɗaura tsumma ga ƙafar, ya ƙidaya juyi, ya san tsawon gonarsa. Amma ya yi haka bisa ƙasa mai tauri, don cikin rairayi ƙafa tana zamewa, lissafi ya ɓaci.

Daga nan mu lura da wani abu. Bakin ƙafa da wurin da ke kusa da tsakiya suna gama juyi lokaci guda, amma bakin ya fi cin tafiya, saboda haka ya fi gudu. Wannan shi ne asirin puli. A ce injinku yana juyi 1500 cikin minti, pulinsa yana da faɗin santimetir 20. Kowane juyi yana jan bel santimetir 63 ba kaɗan. Cikin minti guda bel ya yi metir 942, wato wajen kilometir 56 cikin awa, gudun mota bisa hanya. In pulin maniƙar faɗinsa santimetir 10 ne, dole ya juya sau biyu kafin na injin ya juya sau ɗaya, sai ya kai juyi 3000 cikin minti. Lissafin ba wuya: juyin inji sau faɗin pulinsa, a raba da faɗin ɗayan pulin.

Bel mai gudun metir 15 da ɗoriya cikin daƙiƙa guda ba ya jiran mutum ya janye hannu. Babbar riga, rawani, gyale da bakin zane, duk a nisanta su. Yaran da ake aikowa da kwanon hatsi su tsaya baya. Ni a ganina, maniƙar da ba a rufe bel ɗinta da raga ko kwano ba, ba ta isa buɗewa ba tukuna.

To, yanzu ga inda na fi so ku natsu. Jan tsakiya ba ya ƙaruwa daidai da gudu. In kun riɓa juyi sau biyu, jan yana riɓuwa sau huɗu. In kun riɓa sau uku, ya zama sau tara. Kuma yana ƙaruwa da nauyin abin, da nisansa daga tsakiya.

Mu ɗauki maniƙa mai guduma, wadda ƙarafanta ke dukan hatsi. A ce guduma guda ta fi ta gabanta nauyi da garam 10, kamar ƙwayar sukari biyu, kuma nauyin yana nisan santimetir 20 daga tsakiya. A juyi 3000 cikin minti, waɗannan garam 10 suna fizgar sandar tsakiya kamar an rataya mata kilo 20. Fizgar kuma ba waje guda take ba, tana zagayawa sau 50 cikin kowace daƙiƙa. Wannan ne ke sa maniƙa rawa, kusoshi su kwance, boris ya yi zafi ya mutu, siminti ya tsage ƙarƙashinta. Saboda haka in guduma ta cinye, kada a canza guda a bar sauran. A canza su tare, ko a auna su bisa sikeli, a sa masu nauyi ɗaya suna fuskantar juna.

Na taɓa isa wani gari inda mai maniƙa ya cire pulin inji na santimetir 20, ya sa na 30, wai don ya sallami mata da wuri ranar kasuwa. Ya ce mani: "Mushe, ai rabi kawai na ƙara." Na ce mashi: "Malam, gudu ne ka ƙara rabi, daga 3000 zuwa 4500. Fizgar ta fi ninki biyu, abin da ke jan kilo 20 yanzu yana jan 45." Bai yarda ba sai da boris ya ƙone, maniƙa ta tsaya, mata sunka koma ga turmi. An yi sa'a ba ƙarfen da ya tsinke. Da ya tsinke, da ya fita kamar dutsin majajjawa, kuma ba ya zaɓen wanda zai sama.

Dutsin washi na inji ma haka ne. Akwai iyakar juyinsa rubuce bisa takardar da ke manne gare shi, da alamar tr/min ko RPM. Kada a ɗora shi ga injin da ya wuce wannan lamba. Dutsin da ya faɗi ƙasa ko ya tsage, a yar da shi. Lokacin tayar da inji kuma, ku tsaya gefe, kada ku tsaya daidai bakin dutsin, har ya yi kamar minti guda yana juyawa.

Saura amalanke. In an zo kwana, ƙasa ce ke riƙe ƙafafu tana jawo su cikin kwanar, kayan da ke sama kuwa miƙewa suke so. Shi ya sa amalanken da anka yi ma tulin dammunan hatsi yake kifewa ta wajen kwana. Ku sa mai nauyi ƙasa, ku ɗaure da kyau, ku buɗe kwana. In kun rage gudun jaki ko shanu da rabi, abin da ke neman kifar da ku ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Ga lissafi ku gwada da dare, ku da yaranku. Inji yana juyi 1500 da puli na santimetir 24, famfon garka kuma yana son juyi 3000. Puli mai faɗin nawa za a sa ma famfon? Wanda ya samu santimetir 12 ya yi daidai. Kafin ku sayi puli, ku duba lambar da ke bisa ƙaramin allon ƙarfe na jikin injinku, ku rubuta ta, ku tafi kasuwa da ita da abin awo.