Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Likita Ya Yi Wa Baba Waɗannan Tambayoyi?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ta kai mahaifinta sashen gaggawa da zazzaɓi, sai likita ya hau tambayarsa shekarunsa da inda yake. Tana son ta ji dalili.

Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Likitan yana neman ruɗewar da kan afka wa tsofaffi farat ɗaya, cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Ta bambanta da gigin tsufa, mai shigowa sannu a hankali. Akwai gwajin 4AT da aka tsara a Edinbara, wanda kan ɗauki kamar minti 2: a duba ko tsoho na farke sosai, a tambaye shi shekarunsa, ranar haihuwa, wuri da shekara, sannan ya jero watanni daga Disamba zuwa baya. Maki 4 ko fiye na nuna yiwuwar ruɗewa.

Ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar sukari ko wasu magunguna kan jawo ta, kuma galibinsu suna da magani. Wanda ya fi damuna shi ne tsohon da ya yi shiru yana ta gyangyaɗi, a ce ai gajiya ce. Shi ake yawan tsallakewa.

Dattawanmu da yawa ba su san ranar haihuwarsu ba, don haka bayaninki na da nauyi. Ki gaya wa likita yadda Baba yake shekaranjiya, ki kuma tafi da duk magungunansa.