Darasin noma: Kowace ƙasa da yanayinta, kowane iri da ƙasarsa

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Damagaram Takaya, da Gidimuni, da Mowa, da Mazamni, da Albarkaram, da Wame. 

Na sha ganin wani abu a ƙauyukanmu. Saurayi ya dawo daga cin rani a kudu. Ya zo da irin hatsi mai dogon zangarniya, wanda ya gani a can ya ba shi sha'awa. Ya shuka gonarsa duka da shi. Hatsi ya tashi, ya yi kara, ya fi na kowa tsawo. A tsakiyar Satumba ruwa ya ɗauke. Maƙwabta suna yankan hatsinsu, nasa ko ido bai yi ba. Ya sami kara, bai sami tsaba ba. Irin ba shi da laifi. An kai shi ƙasar da ba tasa ba ce. A kan wannan darasinmu na yau zai yi magana.

1. Halin sama daban, yanayin ƙasa daban

Halin sama shi ne abin da muke gani yau: hadari, ko iska, ko hazo, ko zafi. Yana sakewa tsakanin safe da marece. Yanayin ƙasa kuwa shi ne abin da wuri ya saba samu shekara da shekaru. Ma'aikatan meteyo sai sun tara awon shekara 30 kafin su ce ga yanayin wuri kaza.

Ku ɗauki misalin mutum. Mai haƙuri yana iya yin fushi rana ɗaya, amma ba a ce da shi mafaɗaci. Haka ƙasa take. Damana ɗaya mai ruwa da yawa ba ta mai da ƙasarmu Kano ba.

Ana auna ruwan sama da milimetir. Idan aka ce an yi milimetir 1, ma'anarsa litar 1 ta zuba a kan fili mai tsawon metir 1 da faɗin metir 1. Kano tana samun wajen milimetir 800 a shekara. Magariya ba ta kai Kano ba. Birnin Zinder yana samun wajen 400. Tanut ba ta kai Zinder ba. A Bilma, cikin hamada, ko 20 ba a cika samu ba. Mu nan muna tsakanin Zinder da ƙasar makiyaya. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma ba mu da nisa ƙwarai da wannan iyaka.

2. Daga ina ruwanmu yake zuwa?

Iska biyu ne suke karɓa-karɓa a samanmu. Ta farko ita ce iskar hunturu. Tana fitowa daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya, da ƙura. Ta biyu tana fitowa daga teku, kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ita ce muke ji da bazara, lokacin da jiki ke yin gumi ko cikin inuwa. Hadari kansa daga gabas yake taso mana, kamar yadda kowa ya sani, amma laimar da yake zubarwa wannan iska ta teku ce ta kawo ta.

Iskar teku tana hawowa sannu sannu. Tana isa Kano kafin Magariya, Magariya kafin Zinder, Zinder kafin mu. In za ta koma kuma, mu take fara bari. Shi ya sa damanarmu gajeruwa ce. Yawancin ruwanmu cikin Yuli da Agusta yake sauka. Irin da ya saba da doguwar damana ba zai gama aikinsa a nan ba.

3. Yanayin ma yana sakewa

Tsofaffi sun ce a da ruwa ya fi yawa. Gaskiya suka faɗa, awo ya tabbatar. Shekarun 1950 na ruwa ne. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya ragu. Aka yi babban fari a 1973, aka sake yin wani a 1984. Bisashe suka mutu, itatuwa suka bushe, mutane suka bar gida.

Daga shekarun 1990 ruwa ya fara dawowa, amma ba yadda yake a da ba. Yanzu yana zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, sa'an nan ya ɗauke kwanaki. Masana da suka bi hotunan tauraron ɗan adam sun bayyana a 2017 cewa manyan hadura a Sahel sun ninka sau 3 tun daga 1982. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Nijar, har tsohon masallacin Birni na Zinder ya faɗi cikin Satumba. Zafi kuma ya ƙaru a duniya duka, saboda hayaƙin fetur da gawayin ƙasa da manyan ƙasashe suka daɗe suna ƙonawa.

To, manomi yana fuskantar abu biyu: ruwa mai yawa da ke gudu bai shiga ƙasa ba, da fari a tsakiyar damana. Mu duba yadda halittun Allah da ke tare da mu suke yi. Dabararsu uku ce.

4. Dabara ta farko: gudu

Shamuwa ba ta zama da mu da rani. Tana zuwa gab da damana, ta yi sheƙa cikin gari, ta ci fara, ta yi ƴaƴa. Da kaka ta yi sai ta tafi kudancin Afirka, inda damanarsu ke farawa lokacin da tamu ta ƙare. Ita damana take bi. Makiyayi ma haka yake yi: arewa da damana, kudu da rani.

Ciyawa ba ta da ƙafa, amma tana da nata gudun. Ƙarangiya tana tsiro da ruwan fari, ta yi ƴaƴa cikin makonni kaɗan. Kafin rani ya zo ta gama. Uwar ta mutu, ƴaƴan suna cikin rairayi suna jiran baɗi.

5. Dabara ta biyu: kwanciya

Idan tabki ya ƙafe, ina gaiwa take zuwa? Tana nutsewa cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta bar ƴar kafa ta shan iska. Tana kwance wata da watanni ba ci ba sha, sai ruwa ya dawo. Kwaɗo ma haka yake yi. Fara tana binne ƙwanta cikin ƙasa da kaka, ƙwan ba ya ƙyanƙyashewa sai ya ji laima.

Kuka tana zubar da ganye da rani, don ta ganye itace ke asarar ruwa. Ta riga ta tara ruwa cikin kututturenta. A ƙasar Faransa itatuwa da yawa suna zubar da ganye su ma, amma su sanyi suke gudu, namu fari suke gudu.

6. Dabara ta uku: jurewa

Aduwa da anza da sabara ba su gudu, ba su kwanciya. Saiwarsu tana da zurfi ko faɗi, ganyensu ƙanana ne masu tauri, ba su sakin ruwa da sauƙi. Shi ya sa anza ta ceci mutane a shekarun yunwa, bayan an jiƙa ƴaƴanta kwanaki an fitar da ɗaci.

Raƙumi shi ne sarkin jurewa. Tozonsa ba ruwa ba ne, kitse ne. Yana barin jikinsa ya yi zafi da rana, har digiri 41, ya huce da dare, don kada ya yi gumi da yawa. Fitsarinsa kaɗan ne, kashinsa busasshe. In ya sami rijiya yana iya shan litar 100 a tsayuwa ɗaya.

Ku dubi tumakinmu, uda da balami: gashi gajere, ƙafafu dogaye don tafiya. Tumakin ƙasashen sanyi ulu ne a jikinsu kamar bargo. Jajayen shanun Bororo suna tafiya mai nisa, da rani ana shayar da su bayan kwana biyu. Shanun Kuri na tabkin Cadi kuwa sun saba da ruwa, har iyo suke yi tsakanin tsibirai. In aka kawo su jigawa sai su rame. Saniyar Turai tana ba da nono da yawa a ƙasarta, amma zafinmu na Afrilu da Mayu, da ke wuce digiri 40, yana karya ta. Kowace dabba da ƙasarta.

7. Gawo, itacen da ya saɓa wa sauran

Gawo yana zubar da ganye da damana, ya yi kore da rani. Dalili: saiwarsa tana nutsewa har ta kai ruwan ƙarƙashin ƙasa, a wasu wurare fiye da metir 20. Ba ya jiran ruwan sama.

Wannan hali nasa alheri ne ga manomi. Ganyensa yana zuba daidai lokacin shuka, ya zama taki. Da damana ba ya tare wa hatsi rana. Da rani bisashe suna kwanciya inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar kashi. Dangin wake ne da gujiya, saiwarsa tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Yana rage iskar da ke binne ƙaramin hatsi da rairayi. Kowa ya ga yadda hatsin gindin gawo yake fin na fili.

Kakanninmu sun san haka. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani: wanda ya sare gawo, a bakin ransa. Bayan farin 1984 manoman Maradi da na Magariya, Matameye da Mirya suka koma barin itatuwa cikin gonaki. Shi ne ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya hekta miliyan 5 sun sake samun itatuwa a Nijar, wajen itace miliyan 200. Ba dasawa aka yi ba, tohon kututture da ƴan tsiro aka bari. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya a gonarsa.

8. Hatsinmu ma ya koyi gudu

Masana sun tara irin hatsi a ƙauyuka 79 na Nijar a 1976. A 2003 suka koma ƙauyukan nan suka sake tarawa. Suka shuka tsohon iri da sabon iri a gona ɗaya. Suka ga na 2003 yana rigan na 1976 fitar da kai, zangarniyarsa kuma ta fi gajarta. Sunan iri bai sake ba, amma halinsa ya sake. Shekarun fari ne suka tace shi: wanda ya nuna da wuri shi ya shiga rumbu, shi aka sake shukawa. Hannun manomi mai zaɓen iri ne ya yi wannan aiki.

Don haka irin gida, kamar ankutes mai gajeren kai, ba abin rainawa ba ne. Akwai kuma irin da ma'aikatan bincike suka gyara. HKP na INRAN yana nuna cikin kwana 80 zuwa 90. Chakti, wanda aka fitar a 2018, yana nuna cikin wajen kwana 65. Maiwa kuwa tana jiran rana ta gajarta kafin ta fitar da kai, tana bukatar wata huɗu ko fiye. Ita ta kudu ce, ko ta kwari mai riƙe laima.

9. Abin da ya kamata mu yi

Ɗaya. Mu zaɓi iri bisa yanayin ƙasarmu, ba bisa damanar bara ba. In kana son gwada baƙon iri, ba shi kunya biyar a gefen gona. Kada ka ba shi gonar duka.

Biyu. Mu zaɓi iri tun hatsi yana tsaye a gona. Mu ɗaure wa zangarniyun da suka riga nuna, masu cikakken ido, alama. Mu aje su daban da na ci.

Uku. Kada mu zuba irinmu duka da yayyafin fari. Mu jira ruwa ya kai milimetir 20, ko mu tona mu ga laima ta nutse kamar taki ɗaya na hannu. Mai yin binne ya rage iri a gida, don ko za a sake shuka. Mu saurari labarin meteyo a radiyo.

Huɗu. Mu haɗa hatsi da wake. In ɗaya ya ƙi, ɗaya ya yi, kuma harawa tana nan don bisashe.

Biyar. Wajen sassabe kada mu aske gona kamar kan jariri. A kowane kututture mu bar toho biyu ko uku masu ƙarfi, mu datse sauran. Ɗan gawo mu kafa masa sanda, don kada garma ko yara su kashe shi.

Shida. Mu tare ruwa inda ya faɗi. A ƙasa mai tauri mu yi ramun tasa da rabin wata, mu zuba taki. A jigawa mu bar kara kwance, yana riƙe rairayi da laima.

Bakwai. Mai bisashe ya ƙirga abincin da ya tara tun kaka. In ba zai kai damana ba, ya sayar da wasu tun suna da nama, kafin bazara ta karya kuɗinsu.

Tambayoyi don tattaunawa bayan karatu

1. Mene ne bambancin halin sama da yanayin ƙasa?
2. Me ya sa damana take isa Magariya kafin ta iso mana?
3. Ku faɗi dabba ɗaya ko tsiro ɗaya na garinku ga kowace dabara: gudu, kwanciya, jurewa.
4. Iri nawa na hatsi ake shukawa a garinku? Kwana nawa kowane yake yi? Ku tambayi tsofaffi wanda ya ɓace, da dalilin ɓacewarsa.
5. Kowa ya ƙirga gawon da ke gonarsa, manya da ƙanana, ya rubuta. Ku kawo lissafin ga malamin gona in ya zo rangadi.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da fari da fara. Amin.